Yadda Za Ka Kalli Fim Ɗin Da Ba Magana Ka Gane Tsiyar Da Ake Wa Manya

Ko kana Garwa ko Marwa a Kamaru, sauke gajerun finafinan ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin a YouTube, ba ruwanka da Faransanci ko Turanci tunda ba mai magana. Fara da duba tufafi, mai doguwar hula da tumbi shi ne attajiri, ɗan sanda ƙato ne da kulki, shi kuwa gogan wando burgujeje, takalmi ya fi ƙafa. Sai ka nemi The Immigrant na 1917, wurin da aka tare baƙin da suka iso Amurka da igiya kamar shanu, Chaplin ya faki ido ya zabga wa jami'in ƙafa a baya, wallahi nan ne daɗin. Kar ka ƙara wa bidiyon gudu, harara ɗaya kan wuce ka.