Yadda Ake Neman Kuɗin Gwamnati Don Tonon Kayan Tarihi a Gandun Daji Mai Nisa

Mai binciken da ke son sanin yadda mutane suka rayu kafin a fara rubutu yakan tarar cewa wuraren da suka fi adana shaidar wannan zamani su ne waɗanda suka fi wuyar shiga, domin inda noma da gine-gine ba su kai ba, nan ne kufai ke zama yadda yake. Da yawa daga cikin irin waɗannan wurare yanzu suna ƙarƙashin kariyar doka. A Nijar akwai gandun Ayir da Tenere, mai faɗin hekta sama da miliyan 7, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. A Najeriya akwai Yankari a jihar Bauchi, inda ake da kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey da wuraren da aka narka tama. Aiki a irin waɗannan wurare ya fi ƙarfin aljihun malamin jami'a, don haka dole ne ya nemi kuɗin hukuma.

Abu na farko shi ne ka tsayar da tambaya guda wadda tono zai iya amsawa. Masu tantance takardu ba sa ba da kuɗi don kawai wuri ya tsufa ko yana da ban sha'awa. Idan ka ce kana son gano lokacin da aka fara narka ƙarfe a wani yanki, ko lokacin da masunta da mafarauta suka ba makiyaya wuri, to ka ba su abin da za su auna aikinka da shi. Binciken da aka yi a Gobero, cikin hamadar Tenere, misali ne mai kyau: kaburbura kusan 200 da aka samu a bakin wani tafki da ya ƙafe sun nuna al'ummomi biyu daban, tsakaninsu akwai dogon fari da ya kori mutane daga wurin. Duk wanda ya karanta wannan ya san me aka tambaya, ya kuma san me aka samu.

Daga nan sai maganar izini, wadda a ganina ita ce ke kayar da masu nema da yawa, domin a gandun daji hukuma biyu ce ke da iko, kowacce kuma da abin da take karewa. A Najeriya doka ta hana kowa tono don neman kayan tarihi sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, wadda aka kafa a 1979, kuma ita ce ke ba da takardar fitar da samfuri zuwa ƙasar waje. Amma izininta bai buɗe maka ƙofar daji ba. Idan wurin yana cikin Gashaka Gumti ko gandun Tafkin Kainji, sai ka nemi yardar hukumar gandun daji ta tarayya; idan kuwa Yankari ne, wurin gwamnatin jihar Bauchi za ka nufa, tun da an mayar mata da shi a 2006. A Nijar, cibiyar binciken al'umma da tarihi, wato IRSH, ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai ce abokiyar aikin da masu tono suka saba bi ta hannunta. Ka fara neman waɗannan takardu tun kafin ka rubuta buƙatar kuɗi, ka haɗa kwafinsu ko wasiƙar goyon baya a cikinta. Ka kuma shirya amsa tambayoyin masu kula da daji, waɗanda damuwarsu dabbobi ce da ruwa: ina za a kafa sansani, mota nawa za ta shiga, wa zai cike ramuka idan an gama. Ziyarar hakimi da dagatan ƙauyukan da ke kewaye ba ta cikin takardun hukuma, amma wanda ya tsallake ta ba zai samu ma'aikata ba, balle ɗan jagora.

Sai zaɓen inda za a kai buƙatar. Malamin jami'ar gwamnati a Najeriya yana da asusun bincike na ƙasa da TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati da kuɗi, ke gudanarwa, inda ake fara miƙa taƙaitaccen bayani, sai wanda ya tsallake a nemi ya kawo cikakken tsari. Sai dai manyan ayyukan tono da aka yi a yankinmu sun fi dogara ga haɗin gwiwa da jami'o'in waje waɗanda gwamnatocinsu ke ba kuɗi. Hukumar bincike ta Jamus, DFG, ita ce ta ɗauki nauyin dogon aikin da Jami'ar Frankfurt ta yi tare da NCMM a kan al'adar Nok, wato tsohuwar al'ummar tsakiyar Najeriya da ta shahara da gumakan yumɓu, daga 2009, kuma ma'aikatar harkokin wajen Faransa tana da kwamitin da ke tallafa wa ayyukan tono a ƙasashen waje. Irin wannan kuɗi yakan biyo ta hannun jami'ar can, saboda haka ka nemi abokin aiki da wuri, ka kuma tabbatar an rubuta a yarjejeniya cewa ɗalibanka za su samu horo, sunanka zai fito a abin da aka wallafa, kayan da aka tono kuma za su zauna a gida.

Kasafin kuɗi ne wurin da ya kamata ka fi daɗewa. Tonon kansa ba shi da tsada sosai, domin cebur da rariya da igiya ba su da wani kuɗi. Abin da ke cin kuɗi shi ne isa wurin da zama a can: motoci masu jure yashi ko laka, waɗanda a hamada ba a fita da guda ɗaya, man fetur na zuwa da dawowa, ruwan sha na kowane mutum a kowace rana, wayar tauraron ɗan'adam, magunguna, da alawus ɗin masu gadin daji da za su raka ku. Ka tsara aikin fili ya faɗo cikin rani, musamman lokacin sanyi, ka kuma lura cewa idan kuɗi ya makara da wata biyu, damina za ta iya cinye maka shekara guda. Tsaro ma ya zama dole a ware masa kaso a fili. A watan Fabrairun 2017 an sace Jamusawa biyu masu aikin Nok a kusa da Janjala a jihar Kaduna, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka yi ƙoƙarin ceto su, don haka mai ba da kuɗi zai so ya ga ka yi tunanin lafiyar kowa, har da leburori.

Akwai kuma kuɗin da ake buƙata bayan an bar daji, wanda masu nema kan manta da shi. Gwajin kabon da ke nuna shekarun gawayi ko ƙashi ana biyansa ne samfuri-samfuri, galibi a ɗakunan gwaji na waje da kuɗin ƙasashen waje, saboda haka ka lissafa faɗuwar darajar naira ko canjin sefa. Adana abin da aka tono ma aiki ne mai zaman kansa. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da yake jihar Yobe a yau, sai a 1994 masana daga Frankfurt da Jami'ar Maiduguri suka fito da shi. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma kimanin 8,000, kuma itacen da ya daɗe haka a jiƙe yakan tsattsage idan ya bushe ba tare da magani ba. Don haka ka bayyana a takardarka gidan tarihin da zai karɓi kayan, da wanda zai kula da su, da abin da hakan zai ci.

Idan kuɗin ya fito, ka riƙe rasit na kowane abu, inda babu rasit kuma, kamar kuɗin hayar raƙumi ko ladan ɗan jagora, ka sa a rattaba hannu ko a dangwala yatsa a littafi. Ka miƙa rahoto ga wanda ya ba da kuɗi da hukumomin da suka ba da izini a kan lokaci, ka kuma ɓoye ainihin wurin kufan a duk abin da za a watsa ga jama'a, domin masu haƙar sata sun riga sun lalata wurare da yawa a ƙasar Nok.