Yadda Manajan Maɗaba'a Ke Yanke Kuɗin Aiki a Accra New Town

Yawancin manajojin maɗaba'un Accra New Town, unguwa a babban birnin Ghana, daga yaron inji suka faro, suna wanke faranti, wato fallen ƙarfen da ke ɗauke da zanen da za a buga, da yankan takarda. Amma abin da ke zaunar da mutum a kujerar manaja lissafi ne.

A ce wani Alhaji daga unguwar Nima ya kawo aikin takardar talla guda 5,000, girman A4, launi huɗu, fuska ɗaya. Injin Heidelberg GTO 52 na fitar da A4 biyu a kan takarda guda, ke nan 2,500 kake buƙata. Kada ka tsaya nan. Idan injin mai kai ɗaya ne, wato launi ɗaya yake bugawa a zagaye guda, sau huɗu takardar za ta bi ta ciki, kowane launi da farantinsa, kuma duk zagaye sai ka yi asarar kamar 50 kafin launi ya hau daidai. Sun zama 2,700. Babbar takarda ana yanka ta gida huɗu, don haka 675 za ka saya: rim ɗaya mai 500, da ƙarin 175. Wanda ya manta da takardar asara, daga aljihunsa zai cika.

Sai ka ɗora kuɗin faranti huɗu, tawada, yanka, ladan mai inji, da man janareta saboda ɗaukewar wuta. Riba a ƙarshe take hawa.

Takarda daga waje take shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, farashinta na bin dala. Shi ya sa ba a barin farashi a buɗe: rubuta cewa na mako ɗaya ne, ka karɓi kafin alƙalami da zai sayi takarda da faranti. A shekarar zaɓe kuwa, tunda a Disamba ake kaɗa ƙuri'a, fostocin 'yan siyasa kan haɗu da aikin kalanda. Ɗan takara ya biya duka kafin inji ya tashi, don wanda ya faɗi ba ya ɗaukar waya.

Kafin a ƙona faranti, wato a ɗora masa zanen, duba cewa hotuna sun kai 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), launi yana CMYK (launuka huɗu da inji ke bugawa: shuɗi, ja, rawaya da baƙi), an kuma bar milimita 3 a gefe saboda wuƙa. Buga samfuri ɗaya ka ce, "Alhaji, a duba sunaye da lambar waya, a sa hannu." Da hunturu takarda kan bushe ta manne da juna, inji ya riƙa ja biyu-biyu, don haka a bar ta cikin kunshinta ta kwana a ɗakin inji, a karkaɗa ta sosai kafin a ɗora.