Yadda ake zaɓar lokacin ɗaga ƙarfe: bayan Asuba ko bayan La'asar?

Duk mai zuwa motsa jiki a Dandalin Murtala ko filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna ya san gardamar nan. Wasu sun rantse ƙarfen asuba ne ke gina jiki, wai don a lokacin ne sinadarin testosteron, wato sinadarin maza mai taimakawa wajen gina tsoka, ke cika jini. Wasu kuma sun ce sai bayan La'asar. Kowa da hujjarsa, kuma kai ma za ka iya raba gardamar a kan jikinka.

Fara da sanin yadda jiki ke juyawa a yini. Gaskiya ne testosteron ya fi yawa da safe, daga nan ya yi ta sauka har dare. Sai dai ba shi kaɗai ke tashi ba. Kotizol, sinadarin da ke farfasa abin da jiki ya adana don ya ba ka kuzari, shi ma yana hawa sosai cikin minti 30 zuwa 45 bayan ka farka. Da yamma duka biyun sun ragu, amma ɗumin jiki ya kai iyakarsa wajen ƙarfe 4 zuwa 6, tsoka ta saki, gaɓoɓi sun warware. Shi ya sa nauyin da ya gagare ka da sanyin hunturu, da La'asar sai ka ga ya tashi.

Sai ka dubi lokacin da kake fafatawa. Ɗan ƙwallon da wasanninsa ke farawa ƙarfe 4 na yamma, atisayen yamma ya fi masa. Mai tseren da ake tashi da safe kuwa, ya saba wa jikinsa da safiya, domin jiki na koyon fitar da ƙarfi a lokacin da aka saba masa.

Idan ka zaɓa, ka tsaya a kai mako 6 zuwa 8. Sami ɗan littafi kana rubuta nauyin da ka ɗaga da awannin da ka yi barci.

In safiya ce ta yi maka, kada ka sallame sallah ka faɗa wa ƙarfe kai tsaye. Sha ruwa, ka ci dabino ko ayaba, ko ɗan koko da ƙosai, ka yi minti 15 kana ɗumama jiki. Ka kuma jinkirta duk ɗagawar da ke sa ka sunkuya da nauyi sai ka yi kamar awa ɗaya da tashi, saboda faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna tara ruwa cikin dare, kuma da sassafe sun fi saurin jin rauni.

In yamma ce, gama awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya, ka bar kofi da lemon ƙara kuzari. A batun barci ne nake ganin samarinmu na cutar kansu. Sinadarin girma, wanda ke taimakawa wajen gyaran tsoka, mafi yawansa yana fita ne a barci mai nauyi na farkon dare. A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun taƙaita barcin wasu samari zuwa awa 5 na mako guda, testosteron ɗinsu ya faɗi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. To ka auna da wanda bai baro gidan kallon ƙwallo ba sai ƙarfe 11, ya kwana yana danna waya, sannan ya tashi Asuba ya nufi ƙarfe. Hawan da sinadaran nan ke yi bayan atisaye, wanda ake ta yayatawa, cikin kamar awa ɗaya yake komawa yadda yake. Don Allah kada wannan ya ja ka ga allurar ƙara tsoka, domin tana sa jiki ya daina haɗa nasa testosteron, har 'ya'yan maraina su ƙanƙance.

Da azumi, musamman in ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, mayar da ɗagawa mai nauyi bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, ka rage yawan zagayen, ka rama barcin da ƙailula bayan Azahar.