Yadda ake gasa tsire ba tare da ya bushe ba

A gidajen mahauta aikin tsire a rabe yake: mata su daka yaji a gida, maigida ya yanka nama, yara su jera a tsinke tun da la'asar.

A samo tsokar cinyar sa kilo 1, a cire jijiya, a fere ta fale-fale. Yanka mai kauri shi ke sa waje ya ƙone, ciki kuwa ɗanye. A bar ɗan kitse a kowane tsinke, don shi ke hana naman bushewa.

Sai yaji: garin ƙuli-ƙuli gwangwanin madara 2, busasshiyar citta cokali 2, barkono cokali 1, ɗan masoro da kanumfari, gishiri, dunƙulen magi 3. A tankaɗe. Kada a sayi ƙuli mai sukari, yana saurin babbakewa ya kawo ɗaci.

A shafa wa naman man gyaɗa, a tsoma shi a yajin ana dannawa da tafin hannu, a bar shi kamar minti 30 ya kama.

Wuta ce wurin da aka fi kuskure. A jira gawayi ya zama garwashi, harshen wuta ya kwanta. In a tukuba ne, wato tudun ƙasa ko toka da ake gasa tsire a kai, ana kafa tsinkayen kewaye da wutar, zafi ya buge su daga gefe. In a kan ragar waya ne, a ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ana juyawa ana yayyafa mai. Da mai ya ɗiga wuta ta tashi, a janye tsinken gefe.

In ya gasu, a ƙara barbaɗa yaji, a yanka albasa da tumatir.