Yadda Za Ka Bi Sawun Kakanka Tsohon Soja

Kakana ya yi yaƙin Bama a rundunar Gwalkos, wato Ghana ta yanzu, ya dawo ya ƙare rayuwarsa a Aboabo, nan Kumasi. Bayan rasuwarsa ne muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, muka tarar da littafin sallamarsa daga soja naɗe cikin tsohon rawani, gara ta ci gefensa.

Wannan littafin za ka fara nema, domin a ciki lambar soja take. Ba lamba, ba magana. Tauraruwar Bama ta kakana, wato lambar yabon da aka ba waɗanda suka yi yaƙin, babu ko suna a jikinta, ita kaɗai ba ta isa shaida ba.

Ka kula da suna sosai. Turawa sukan rubuta mutum da sunan garinsu ko ƙabilarsa, Kano, Moshi, Gurunshi, ba da sunan mahaifinsa ba. Mu wata biyu muna neman sunan da ba shi aka rubuta ba, sai da ƙanwar kakan nawa ta ce mini, "Ɗan nan, ai a bariki da sunan garinmu ake kiransa."

Daga nan ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, asalin ya zauna gida. Ka je Hukumar Tsofaffin Sojoji, wato VAG, da aka kafa da dokar 2012, ka tambayi haƙƙin tsohon ko na matarsa, fansho ne ko tallafi. Tsofaffin takardu kuwa suna ma'ajiyar takardun gwamnati, wato PRAAD, a Accra da Kumasi.

In tsohon yana raye, zauna da shi yau, ka naɗi muryarsa. Ni ban samu yin haka ba, har yanzu yana cina.