Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen farfelar jirgin ruwan da injinsa ya yi masa kaɗan

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra sun zuba jari a jiragen ruwan da ke jigilar doya da gawayi da busasshen kifi a tafkin Volta, musamman ta wajen Yeji da Dzemeni, wasu kuma suna da hannu a kwale-kwalen masunta na Jamestown da Tema. Koken da ya fi zuwa musu ta waya daga bakin direba shi ne: "Alhaji, injin nan ba ya ja." Kafin a yanke shawarar sayen sabon inji, ya kamata a fara duba farfela, domin sau da yawa laifin nata ne, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na inji ba.

A jikin farfela akwai lambobi biyu da aka rubuta da ma'aunin inci, misali 11 3/8 x 12. Ta farko faɗin da'irar da fuka-fukanta suke yi ne idan tana juyawa. Ta biyu kuma takunta ne, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take kutsawa, kamar yadda ƙusa mai murɗi take shiga katako. Babban kuskuren da ake yi yana nan ne: mai jirgi yana zaune a Akra, ya ji cewa jirginsa ba ya sauri, sai ya aika a sayo farfela mai dogon taku, yana ganin kamar babbar lamba ita ce babban gudu. Ga jirgi mai nauyi da ƙaramin inji, akasin haka ake samu. Duk wanda ya taɓa ganin motar kaya tana hawan Aburi da babbar giya ya san yadda take gurnani tana hayaƙi ba tare da ta yi gaba ba, kuma abin da dogon taku yake yi wa inji ke nan: juyinsa ya ragu, ya yi zafi, fulogi ya yi baƙi, mai ya ƙone a banza. Gyaran shi ne a rage taku, a ƙara faɗi gwargwadon abin da ƙafar injin za ta ɗauka.

Ba da ka ake wannan ragi ba. Kowane inji yana da iyakar juyin da ya kamata ya kai idan an buɗe masa wuta gaba ɗaya, kuma ga Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda ya cika bakin ruwanmu, iyakar tana tsakanin juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti. A sami makaniken da yake da na'urar auna juyi, a fita da jirgin, a ga inda ya tsaya. Abin da aka saba gani shi ne, rage inci ɗaya na taku yana ƙara juyi kimanin 150 zuwa 200. Saboda haka injin da ya maƙale a 4,200 da farfela mai taku 13, idan aka sa masa mai 11 da kyar zai taɓa 4,600, wanda ke nuna cewa mai 10 ko 9 ce ta fi dacewa da shi. A nan ma akwai tarko, domin mutane sukan yi gwajin da jirgi fanko, alhali kuwa da buhuna da fasinjoji yake aikinsa. A auna shi da irin lodin da ya saba ɗauka, sannan a ja kunnen direba kada ya buɗe wuta duka ranar da ya dawo ba kaya, don kada juyin ya zarce iyaka.

Wajibi ne kuma mai jirgi ya san cewa farfela ba ta ƙara wa inji ko doki ɗaya; iyakarta ta ba shi damar fitar da abin da yake da shi. Jirgi mai faɗi da nauyi wanda tsawonsa a kan ruwa ƙafa 36 ne, da wuya ya wuce kimanin kilomita 15 a awa, kuma duk man da aka ƙara bayan nan gindinsa kawai zai nutsar.

Wani lokaci injin yana ihu, juyi ya haura, amma jirgi bai motsa ba. A nan ba taku ne matsala ba. Ko dai an ɗaura injin sama da yawa har farfela tana shaƙar iska, ko kuma robar da ke tsakiyarta ta saki tana zamewa. A ja layi da alli ko fenti daga cibiyar zuwa jikin farfelar, a yi ɗan zagaye a dawo. Idan layin ya rabu, robar ce.

Game da ƙarfen da aka yi farfela da shi, ni dai ban ga hikimar sa farfelar ƙarfen da ba ya tsatsa a tafkin Volta ba. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙarƙashi har yau. Ta alminiyom idan ta daki kututture ita ce za ta lanƙwashe ko ta karye, mai tauri kuwa takan miƙa dukan zuwa sandar da ke juya farfelar da kuma giyar inji, inda gyara ya fi tsada nesa ba kusa ba. Sai dai wadda ta lanƙwashe kada a miƙe ta da guduma a bakin ruwa a ci gaba da aiki, domin girgizar da za ta riƙa yi tana cinye robar da ke hana ruwa shiga cikin giya. Zaren taru da ke naɗewa a bayan farfela ma ɓarnar da yake yi ke nan, don haka a riƙa cire ta lokaci-lokaci ana sharewa, a shafa wa sandar giris, a duba man giya. Idan ya koma fari kamar madara, ruwa ya riga ya shiga. Wanda zai sayo sabuwa daga Akra kuwa, ya sa a aiko masa da tsohuwar ya riƙe a hannu, domin haƙoran cikin cibiya sun bambanta daga inji zuwa inji.