Yadda Za Ka Karanta Kalandar Yahudawa Kafin Ka Tsayar Da Rana Da Mai Bin Ta

Wani baduku a unguwar Birni, wanda ke aika jakunkunan fata zuwa Faransa, ya taɓa kawo mini kuka cewa abokin cinikinsa ya ɗauke wuta kusan sati uku, yau a same shi gobe a rasa, alhali kaya na ɗaure suna jiran a ce a tura. Da muka duba sai muka tarar lokacin ya faɗa cikin watan Tishrei, wanda ya fi kowane wata yawan idi a wurin Yahudawa. Mutumin Damagaram da ke hulɗar kasuwanci, ko karatu, ko aikin ƙungiya da Bayahude mai riƙo da addininsa, yana iya kauce wa irin wannan idan ya koyi lissafi kaɗan, kuma rabin lissafin ya riga ya san shi tun daga makarantar allo.

Ka fara da ranar kanta. A wurinsu rana tana shiga ne da faɗuwar rana, kamar yadda muke cewa daren Juma'a muna nufin daren da ya biyo bayan magaribar Alhamis. Saboda haka duk idin da ka gani an rubuta a kalandar waya, ka ɗauka ya fara tun yammacin ranar da ta gabace shi. Asabar, wadda suke kira Shabbat, tana shiga da faɗuwar ranar Juma'a, a mafi yawan wurare ma ana kunna kyandir minti 18 kafin nan, kuma ba ta fita sai duhu ya yi sosai bayan magaribar Asabar, har an ga taurari uku. A tsakanin nan mai kiyaye ta ba ya ciniki, ba ya rubutu, ba ya tuƙa mota, ba ya taɓa waya. Abin lura shi ne faɗuwar ranar garinsa ake bi, ta Damagaram ba ta cikin lissafi. A Paris cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma, kuma a lokacin agogonsu da namu ɗaya ne, don haka saƙon da ka tura bayan la'asar ɗin Juma'a sai bayan magaribar Asabar ko ranar Lahadi za a gan shi.

Sai wata. Watanninsu na bin jinjirin wata, kwana 29 ko 30, amma ba sa jiran a gan shi da ido kamar yadda muke zaman jiran sanarwa a daren 29 ga Ramadan. Lissafi ne tsayayye, wanda al'adarsu ke danganta shi ga wani malami mai suna Hillel na biyu a ƙarni na 4 na Miladiyya, shi ya sa ana iya sanin ranar idi shekaru masu yawa kafin ta zo. Sau da yawa ɗaya ga watansu kan riga namu da kwana ɗaya ko biyu. Watannin su ne Tishrei, Heshvan, Kislev, Tevet, Shevat, Adar, Nisan, Iyar, Sivan, Tammuz, Av da Elul, kuma lambar shekara tana sauyawa ne a farkon Tishrei, wanda kan faɗo a Satumba ko farkon Oktoba, daidai lokacin da ake shirin girbin gero a nan.

Inda suka rabu da kalandar Hijira shi ne wurin da ya kamata ka fi natsuwa. Shekararmu ta wata tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu zuwa damina. Su kuwa idinsu a ɗaure yake da yanayi, domin Pesach, idin tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar, dole ya zo a farkon ɗumi bayan sanyin ƙasarsu, sai suka riƙa ƙara wata guda cikakke, a samu Adar na ɗaya da Adar na biyu, sau 7 a kowace shekara 19. Shekarar da ba ta da ƙari tana da kwana 353, 354 ko 355, mai ƙari kuma 383, 384 ko 385. Manominmu ba zai yi mamakin wannan ba, tunda shi ma da wata yake azumi amma da damina yake shuka. Bambancin kawai su sun haɗa lissafin biyu a takarda ɗaya.

Ga yadda za ka gane shekara mai ƙari da kanka. Ka ƙara 3760 a kan shekarar Miladiyya idan Tishrei bai kama ba, ko 3761 idan ya kama. Sannan ka raba abin da ka samu da 19, ka duba saura. Idan saura ya zama 3, 6, 8, 11, 14, 17, ko kuma bai bar komai ba, shekarar tana da wata 13. A ɗauki 5787, wadda ke shiga da yammacin 11 ga Satumba 2026: 19 sau 304 ya ba da 5776, saura 11, ke nan mai ƙari ce. Za ka ga tasirin abin a ranakun Pesach, domin ranar farko ta faɗo 13 ga Afrilu a 2025, ta ja baya zuwa 2 ga Afrilu a 2026, sannan ta yi tsalle zuwa 22 ga Afrilu a 2027. Wanda ya ɗauki ranar bara ya cire kwana 11 kamar yadda ya saba yi wa Sallah, zai yi daidai shekara ɗaya ko biyu, a ta uku ya ɓata da wata guda.

Bayan ka iya wannan, sai ka ware ranakun da ba a aiki daga waɗanda ake biki kawai. Rosh Hashana, wato sabuwar shekara, tana ɗaukar 1 da 2 ga Tishrei. Yom Kippur yana 10 ga wata, azumi ne na kimanin awa 25 ba ci ba sha, kuma ita ce ranar da ko waɗanda ba su damu da ibada ba da yawansu ke kiyayewa. Sukkot yana farawa 15 ga Tishrei da farin wata, ana kwana bakwai ana cin abinci a cikin rumfa, sai wani idin ya rufe shi a ranar 22. Pesach yana farawa 15 ga Nisan, Shavuot kuma 6 ga Sivan. A Pesach ranar farko da ta ƙarshe ne aka hana aiki, a Sukkot kuma ranar farko da idin da ke rufe shi, na tsakiya kuwa biro na iya buɗewa rabi da rabi. Hanukka, mai kwana 8 daga 25 ga Kislev, da Purim a 14 ga Adar, ba sa hana aiki, duk da cewa Hanukka ta fi sauran suna a duniya.

Ka tambayi inda mutum yake zaune, domin yana sauya adadin kwanakin. A Isra'ila Pesach kwana 7 ne, a wajenta kuma masu bin tsohuwar al'ada na yin 8, haka ma Sukkot da Shavuot ana ninka ranar hutunsu. Dalilin ya samo asali ne daga zamanin da labarin tsayuwar wata ke daɗewa kafin ya isa garuruwa masu nisa, matsalar da mu ma muka sani a shekarun da wani ƙauye ke Sallah maƙwabcinsa na azumi.

Ta fuskar hukuma, kalandar tana da ƙarfin doka a Isra'ila, inda takardun gwamnati ke ɗauke da kwanan wata iri biyu, kuma satin aiki ke farawa Lahadi ya ƙare Alhamis. Idan ka haɗa da namu, ranakun da kowa ke kan kujerarsa su ne Litinin zuwa Alhamis, kuma agogonsu na gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi. Ranar samun ƴancinsu tana bin 5 ga Iyar, wadda ta yi daidai da 14 ga Mayu a 1948, don haka ba ta tsayawa a wuri ɗaya kamar 3 ga Agusta tamu. A ranar Yom Kippur filin jirgin Ben Gurion kan rufe gaba ɗaya. A New York makarantun gwamnati na hutu a Rosh Hashana da Yom Kippur idan sun faɗo ranar karatu, kuma tun 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yom Kippur cikin ranakun da ba a sa taron hukuma a hedkwatarta.

Idan za ku rubuta yarjejeniya, ku sa wa'adi da kwanan watan Miladiyya a fili, ku ƙara sharaɗin cewa in ya faɗa kan Asabar, ko idinsu, ko Sallarmu, ya koma ranar aiki ta gaba. Ka kuma tambayi mutumin kai tsaye waɗanne ranaku yake kiyayewa, domin akwai mai tsanantawa, akwai mai sassauci, akwai wanda ba ya kiyaye komai, kuma tambayar ba ta ɓata wa kowa rai. In an yi masa rasuwar uwa, uba, ɗa, ɗan'uwa ko abokin zama, ka ba shi kwana bakwai na zaman makoki da suke kira shiva kafin ka tada maganar kuɗi.

A 2026 lissafin Tishrei ya tsaya kamar haka: Rosh Hashana 12 da 13 ga Satumba, Yom Kippur Litinin 21 ga Satumba, Sukkot daga 26 ga Satumba, idin rufewa 3 ga Oktoba, da ƙarin 4 ga Oktoba ga na wajen Isra'ila. Mai kayan da zai tura a wannan tsakanin ya nemi a kammala magana da biyan kuɗi kafin azahar ɗin Juma'a, 11 ga Satumba.